Gidan Gwamnati: Daga Ƙuri'ar Festac zuwa Cike Fom a Intanet

A Dakko da sauran garuruwan ƙasar Bakura, saurayin da aurensa ya matso ba ya cike takarda don ya sami wurin zama. Mahaifinsa ne zai nuna masa wata kusurwa a cikin gida, ko kuma a je wurin mai unguwa a roƙi fili a bayan gari. Idan kaka ta wuce sai a kwaɓa ƙasa, a buga tubali a shanya, a kira magini, dangi da abokai su yi gayya. Bana ɗaki ɗaya da katanga, baɗi a ƙara zaure, shekarar da amfani ya yi kyau a sayo kwano. Gidan yana girma ne tare da iyalin da ke cikinsa, kuma ba wanda ke tambayar maigida takardar albashi.

Tunanin cewa hukuma za ta gina gidaje ta raba wa jama'a tare da Turawa ya zo, su ma kansu suka fara yi wa. Sun keɓe unguwanninsu nesa da cikin gari, irin Nasarawa ta Kano, sannan suka gina bariki don soja da 'yan sanda, da kwatas don ma'aikatan jirgin ƙasa. Hukuma ta farko da aka ɗora wa aikin gidajen jama'a a Legas aka kafa ta a 1928, bayan annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta yi ɓarna a unguwannin da suka cunkushe. A 1956 aka ɓullo da rancen gida ga manyan ma'aikata 'yan ƙasa. Tun daga nan aka aza tubalin da har yau ba a sauke shi ba: gidan gwamnati na mai albashi ne, domin albashinsa ne jingina, ana cire bashin tun kuɗin bai shiga aljihunsa ba.

Da kuɗin man fetur suka shigo, sai buri ya faɗaɗa. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973, kuma shirin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 ya ƙudurta gina gidaje 202,000. Abin da aka kammala bai kai kashi 15 cikin ɗari ba. Fitacce a cikinsu shi ne rukunin Festac na Legas, wanda aka gina don baƙin bikin al'adun baƙar fata na 1977. Da baƙi suka watse, masu so suka fi gidajen yawa nesa ba kusa ba, sai aka raba su ta hanyar ƙuri'a: ka sayi fom, ka cike, ka jira sa'arka. A wannan shekarar aka kafa Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Shekara ɗaya bayan haka, dokar filaye ta 1978 ta mayar da ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta bar wa ƙananan hukumomi ikon ba da filin karkara.

Mutanen Maradun da Talata Mafara da Bakura ba ta wannan ƙofar suka fara haɗuwa da gwamnati a kan maganar muhalli ba. Su ba su nema ba, tashinsu aka yi. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato. Ruwan ya shanye garuruwa da fadamu, aka kwashe dubban iyalai zuwa sababbin matsugunai, mafi shahara a ciki Sabuwar Maradun, a kan tudun da ba ya ba da abin da fadama ke bayarwa. Malaman awo suka bi gida gida da gona gona, suna ƙirga ɗakuna da itatuwa suna rubuta suna. Daga ranar, samun diyya ya rataya a kan abu ɗaya: ko sunanka yana cikin takarda ko ba ya ciki. Biya ya yi ta jinkiri, manoman da aka karɓe gonakinsu don shimfiɗa hanyoyin ban ruwa suka rasa damina bayan damina, har suka fara tare hanyoyin aikin. A ƙarshen Afrilu na 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan. Mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Duk wanda ke mamakin yadda dattijon wannan yanki ke ɗari-ɗari idan an ce ya kawo sunansa za a ba shi wani abu, to ya tuna da wannan.

A shekarar nan ta 1980 ne kuma gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta fara shirinta na gidaje masu sauƙin kuɗi: 40,000 a kowace shekara, 2,000 a kowace jiha. Har yau kusan duk babban garin Arewa yana da unguwar da ake kira gidajen Shagari ko lokos. Shirin bai kai rabin abin da aka yi alkawari ba kafin soja su kifar da gwamnatin a ƙarshen 1983. A jihohin da 'yan adawa ke mulki an sha rigima kan fili, wasu rukunan aka kai su can bayan gari inda babu ruwa babu wuta, suka shekara da shekaru awaki ne ke kwana a ciki. Inda aka raba kuwa, fom ne da kwamiti, kuma kowa ya san amfanin samun ɗan'uwa a kwamitin.

Daga nan gwamnati ta fara janye hannu daga gini, ta koma tara kuɗi. Dokar Asusun Gidaje na Ƙasa ta 1992 ta wajabta cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, a ba shi rance idan ya cancanta, da ruwa kashi 6. Manomi da ɗan tireda ba a hana su shiga ba, amma ba da su aka auna rigar ba. Ga kuma maganar ruwan, wadda ba ƙarama ba ce a Zamfara, jihar da aka ƙirƙira a 1996 ta kuma riga kowace jiha ƙaddamar da shari'a. Abin lura a nan, ƙananan hukumomin nan uku kowacce ta fitar da gwamna: Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Duk da haka yawancin rukunin gidajen gwamnati a Gusau suke, inda ma'aikata suka taru.

Tayi a kan gidan gwamnati ya shigo ne a zamanin Obasanjo. Bayan an mayar da alawus ɗin gida kuɗi a cikin albashi, sai aka sa gidajen gwamnatin tarayya na Abuja a kasuwa daga 2005, lokacin Malam Nasiru El-Rufa'i yana ministan birnin. Ma'aikacin da ke zaune a gida shi aka fara yi wa tayi. Sauran gidajen aka yi gwanjonsu, wanda ya fi tsoka ya ɗauka.

Akwai inda tayin ba na kuɗi ba ne. A birnin Delft na Holan aka fara, Ingila ta ɗauka wajen shekarar 2000. Ƙaramar hukuma kan wallafa gidajenta na haya da suka zama fanko, waɗanda ke cikin rajista su shiga intanet su nuna wanda suke so, sai a ba wanda ya fi buƙata, ko wanda ya fi daɗewa yana jira. Haya ce mai rahusa, kuma rashin hali ne ke kai mutum gaban layi. Namu sayarwa ne, don haka hali ne ke kai shi.

A watan Nuwamba na 2021 ministan ayyuka da gidaje, Babatunde Fashola, ya buɗe shafin intanet na sayar da gidajen da gwamnatin Buhari ta gina a jihohi 34 da Abuja. Hujjarsa mai ƙarfi ce: a cire hannun ma'aikaci daga rabo, kowa ya nema daga inda yake, mutum ɗaya gida ɗaya. An ma yi ƙoƙarin duba al'ada wajen zane, aka yi wa Arewa gidajen ƙasa maimakon benaye. Fom naira 10,000 ne a lokacin, gida mafi arha kuma ya ɗan haura naira miliyan 7. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne, wato albashin shekara 20 cur, ba ci ba sha, kafin a biya gida mai ɗakin kwana ɗaya. A ranar da aka buɗe shafin kuwa, galibin ƙananan hukumomin Zamfara ba su da sabis ɗin waya. Tun farkon Satumba aka katse layuka saboda yaƙi da 'yan bindiga, sai a ƙarshen Nuwamba aka ba da sanarwar maido su. Ba da gangan aka haɗa lokutan biyu ba, amma haɗuwar ta nuna wanda aka tuna da shi lokacin tsara shafin.

Ko da sabis ya dawo, mai nema daga karkara ba da kansa yake cikewa ba. Zai hau mashin zuwa Talata Mafara, ya zauna a benci a shagon mai kwamfuta. Yaron shagon zai karɓi katin ɗan ƙasa ya ɗauki hotonsa, ya buɗe masa adireshin imel ɗin da ba zai sake buɗewa ba, ya ciro lambar biya ya tura shi banki ko wurin mai POS. Sai a zo gurbin takardar albashi ko shaidar biyan haraji, yaron ya ɗago kai ya ce, "Baba, a ina kake aiki?" Yawanci a nan maganar ke tsayawa. An kori ɗan kwamiti, wannan ci gaba ne da bai kamata a raina ba, amma sharuɗɗan da ke cikin fom na 1956 ne aka sake wa tufafi.

Gwamnatin Tinubu ta ci gaba a kan wannan turba. Ministan gidajen da ta naɗa a 2023, Ahmed Musa Dangiwa, ɗan jihar Katsina kuma tsohon shugaban Bankin Lamunin Gidaje, ya buɗe sabon shafi a 2024. An aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana ta Abuja, da rukunai masu gida 250 a jihohi 12. A Arewa maso Yamma, Katsina da Sakkwato ne suka samu, Kano kuma aka ba ta babban rukuni. An tanadi hanyoyin biya: kuɗi hannu, rancen asusun gidaje har shekara 30, biya kashi-kashi, ko haya wadda ke ƙarewa da mallaka.

Ma'aikatar ta kuma yi shelar wani shiri dabam na gidajen marasa ƙarfi, gida 100 a kowace ƙaramar hukuma cikin 774. Idan ya tabbata, shirin tarayya zai isa Bakura da Maradun da niyyar ba wa wanda ba shi da albashi gida. Waɗanda suka fi buƙata a yankin yanzu su ne iyalan da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu, suna raɓe a kangwaye da gidajen dangi a cikin gari. Da yawansu sun baro katin ɗan ƙasa da wayar a ɗakin da aka ƙone, kuma gida 100 ba zai ishi ko mazaɓa ɗaya ba.