Asalin Manoman Zangon Kumasi

Duk wanda ya zauna da dattawan Zangon Kumasi, ko a Yalwa, ko a Aboabo, ko a Sabon Zango, ya tambaye su nasabar gidajensu, zai tarar akwai zuriyar attajirai da malamai, waɗanda sunayen kakanninsu suke rubuce a takardu, akwai kuma zuriyar talakawa manoma, waɗanda ba wanda ya kula da rubuta nasu labarin. Da yake hijirar waɗannan na biyu kusan hanya guda ta bi, bari mu bi sawun gida ɗaya ya zama misalin sauran.

Asalin al'amarin goro ne. Tun kafin jihadin Shehu Usmanu fatake suke zuwa Gwanja, amma a zamanin daular Sakkwato ne fataucin ya bunƙasa a hannun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda sukan tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da riguna da jar fata, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su bi ta Sansanin Mango da Yendi, har su sauka Salaga, babbar kasuwar Gwanja, bayan watanni. Kakan gidan da muke magana a kai ba madugu ba ne, ba kuwa mai dukiya ba. Manomi ne da ya gama girbi ya ga rumbu ba zai kai shi wata damina ba, ya shiga ayari yana kora jakunan wani, da niyyar ya komo da ɗan abin biyan bashi. Da ya isa Salaga ya ga dubban baƙi suna neman abinci, ga kuma daji kwance ba mai nomawa, sai ya nemi izinin masu ƙasa, ya sare fili ya shuka dawa da doya, ya yi aure, ayarin da ya kawo shi ya koma ba shi.

A wancan zamani Hausawa ba su da ikon shiga kurmi su sayi goro daga gindinsa, domin sarakunan Asante, waɗanda Hausawa suke kira Tonawa, sun tsare cinikin a kasuwannin arewa. Gaskiya ne akwai Musulmi a Kumasi tun da daɗewa, har Baturen nan Bowdich ya same su a shekarar 1817 suna yi wa Sarkin Asante rubutu da addu'a, amma waɗannan mutanen fada ne, ba su ne tushen zango ba.

Sai fitina ta zo bi da bi. A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, Gwanja ta yi wa Asante tawaye, goro ya karkata zuwa Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya tashi tsakanin 'ya'yan sarautar Kpembe mai iko da Salaga, Salaga ta watse, mutane suka bazu zuwa Yeji da Kintampo da Kete Krachi, inda shahararren malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya sauka da almajiransa. Manomin namu ya bar gonar da ya yi shekaru yana gyarawa, ya ɗauki iri da fartanya da iyali, ya sake sarar daji a wani wuri, domin shi manomin baƙi inda kasuwa ta koma can gonarsa take komawa.

Ɗansa shi ne ya ga Kumasi. Bayan da Turawa suka kama Sarkin Asante Prempeh a 1896, suka kuma murƙushe boren Asante da Yaa Asantewaa ta jagoranta a 1900, ƙofar da take rufe ta buɗe. Sojojin Hausa da suka yi wa Turawa yaƙi suka zauna, fatake suka biyo su, jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, aka naɗa Sarkin Zango, aka gina masallaci. Baƙo ya sauka gidan mai gida, a ba shi ɗaki da abinci, a tsaya masa shaida wurin neman aiki.

Aikin kuwa a lokacin na koko ne, ba na sha da ƙosai ba, na itacen nan da ake kai 'ya'yansa Turai, wanda ya mai da Gwalkwas, wato Ghana ta yanzu, shugabar duniya wajen nomansa a 1911. Nan fa manomin arewa ya koyi noma sabo fil. Ƙasar da ya sani ta garma ce da taki da damina ɗaya. Wannan kuwa ta adda ce da gatari, ruwa yana sauka kashi biyu a shekara, ga tsando yana kashe jaki da saniya. Sai a sare kurmi a ƙone, a dasa ayaba da makani su yi wa ƙananan itatuwa inuwa, iyali su ci su har wajen shekara biyar kafin kokon ya fara haihuwa. Ladan aikin shi ne abin da Tonawa suke kira abusa, wato a raba amfani uku, mai kula da gona ya ɗauki kashi ɗaya. Hausawa ba su kaɗai ba ne a wannan wahala, Mosawa da sauran mutanen arewa ma sun fi su yawa a gonaki, amma harshen Hausa da salla suka haɗa su a zango har aka riƙa yi musu kuɗin goro.

Abin lura a nan, wanda a ganina shi ne ya tsara halin mutanen zango har yau, shi ne cewa ƙasar Asante ta kujerar sarauta ce, baƙo yana iya nomanta shekara arba'in, amma ba ta zama gado a gidansa kamar gandun ubansa na Hausa ba. Saboda haka duk abin da ya samu sai ya mai da shi ɗaki a zango, ko jarin goro da shanu, ko karatun 'ya'ya a makarantar allo, ko guzurin Hajji. In ƙasa ta gaji ko itatuwa suka tsufa, ya bi masu sarar sabon kurmi yamma zuwa Ahafo da Sefwi, ko ya koma Ejura ya noma masara, alhali kuwa iyalinsa suna Kumasi, can ake suna, can ake ɗaurin aure, can ake jana'iza.

Jikokin ne suka sha ɗacin wannan baƙunci. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Sarkin Zango Amadu Baba daga ƙasar saboda siyasa, sannan a watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama wa'adin mako biyu ya fita. Mutanen da aka haife su a Kumasi, aka haifi iyayensu a Salaga, suka sayar da kaya a wulaƙance suka hau manyan motoci zuwa Nijeriya da Nijar, wasu ba su san ko sunan ƙauyen kakansu ba. Waɗanda suka tsira da waɗanda suka komo daga baya, su ne zuriyarsu take cike da Asawase da Aboabo yanzu, 'yan Ghana ne da katin zaɓe, suna jin Twi, harshen Tonawa, kamar yadda suke jin Hausa. Mai karatu in Allah ya kai ka Kumasi, ka nemi tsofaffin nan ka rubuta abin da suka sani tun suna da rai.