Gwarzon da Bai Ɗauki Kofi Ba: Albuquerque, 1983

Ranar Asabar Jami'ar Houston ta lallasa Louisville da ci 94-81, har aka sakankance kofin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka nata ne. Tinƙahonta shi ne Hakeem Olajuwon, ɗan Legas da ya fara buga gasar wannan wasa a Sakkwato.

Ranar Litinin, 4 ga Afrilu 1983, labari ya sha bamban. Ana kunnen doki 52-52, Lorenzo Charles na North Carolina State ya cafe ƙwallon da ta gaza isa raga, ya zura ta dab da tashi.

Duk da haka, Olajuwon aka zaɓa gwarzon gasar. Tun daga nan, ba a sake ba ɗan ƙungiyar da ta sha kaye wannan lambar ba.