Manhajojin haɗa darasi: yadda malami a Arlit zai shirya karatun da ke buɗewa a salula ko babu rezo

Manhajar haɗa darasi, wadda ake kira outil auteur da Faransanci, manhaja ce da ke ba malami damar shirya darasin kwamfuta ko na salula ba tare da ya zama injiniya ba. Malamin yana zuba rubutu, hoto, murya ko bidiyo cikin guraben da aka riga aka tsara, ya ƙara tambayoyi, ita kuma manhajar ta ɗinke su wuri guda. Bambancinsa da takardar PDF ko hoton allo da ake turawa ta WhatsApp shi ne irin wannan darasi yana ba da amsa: ɗalibi ya zaɓi abin da yake gani daidai, nan take a faɗa masa ko ya dace, in ya kuskure a nuna masa inda zai koma.

Me ya sa batun ya shafi Arlit

An kafa Arlit a 1969 saboda uranium, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas. Jami'ar jihar, wadda aka ƙirƙiro a 2014, da makarantar ma'adinai ta EMAIR duk a Agadas suke, don haka mai neman ƙarin ilimi sai ya bar gida. A ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin Cominak ya rufe ramin Akuta, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da ƴan kwangila, kuma magidancin da ke son koyon sabuwar sana'a a Akokan ba zai iya komawa benci da yara ba. Kafin nan, a 2020, annobar korona ta sa an rufe makarantun ƙasar daga Maris zuwa farkon Yuni.

Akwai kuma maganar harshe. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa, amma galibin littattafan CEG da lise har yanzu da Faransanci suke. Buga littafi yana cin kuɗi da lokaci. Gajeren darasin salula kuwa, malamin da hannunsa ya faɗa yana iya gama shi cikin yini ɗaya, da Hausa ko da Tamajak.

Manhajojin da ake samu kyauta

H5P ta fito daga ƙasar Norwe a 2013. Tana da nau'in aiki fiye da 40, kamar cike gurbi, ja ka ajiye, bidiyon da ke tsayawa ya yi tambaya, da labari mai rassa inda zaɓin ɗalibi ke sauya abin da zai biyo baya. Tun 2020 tana cikin Moodle, dandalin karatun da jami'o'i da yawa ke aiki da shi. Wanda ba shi da dandali sai ya sauke Lumi, wadda ke haɗa darussan H5P a kwamfuta babu intanet, ta kuma fitar da su a fayil guda na HTML.

eXeLearning an fara ta a Niyu Zilan, yanzu hukumomin ilimi na Sifen ke kula da ita. Ta fi dacewa da dogon darasi mai babi-babi, kuma tana fitar da shi kamar ƙaramin shafin intanet ko littafin ePub.

Opale, daga tsarin Scenari na jami'ar fasaha ta Compiègne a Faransa, tana da wata fa'ida ga ajin da ba kowa ke da waya ba: rubutu ɗaya take mayarwa shafin salula, takardar bugawa da majigin aji.

Xerte ta jami'ar Nottingham a Ingila ta yi suna wajen kula da naƙasassu, sai dai tana bukatar sabar da za a girka ta. Su Articulate Storyline da Adobe Captivate na kuɗi ne, kamfanoni suka fi sayensu.

Yadda ake haɗa darasi

A ɗauki misalin da duk ɗan Arlit ya sani. A ƙarshen 2003 ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa, tare da Aghir in'Man ta nan garin, ta gano tarkacen ƙarfe mai tururin uranium a kasuwa. Mai son faɗakar da yaran maƙera da masu walda zai fara da manufa guda: yaro ya san cewa ido ba ya gane gurɓataccen ƙarfe, sai na'urar awo. Daga nan sai hoto biyu ko uku da aka ɗauka da waya, bayanin murya na minti ɗaya, sannan labari mai rassa: an kawo maka bututu da arha, ba ka san inda ya fito ba, za ka saya ko za ka nemi a auna? Kowace amsa da nata bayani. A rufe da tambayoyi biyar.

Kar darasi ya wuce minti goma. Murya ta fi bidiyo sauƙi: minti ɗaya na murya bai cika kai mega ɗaya ba, bidiyo kuwa yana ninka haka sau da yawa, kuma iyayen yara ne ke biyan kiredin.

Kar a bar kowa a baya

Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet tana da dokokin da ake kira WCAG, waɗanda aka sabunta a 2023. Abin da suke nema daga malami ba shi da wuya. Kowane hoto a rubuta masa gajeren bayani, domin manhajar da ke karanta wa makaho allo, irin NVDA a kwamfuta ko TalkBack a Android, ta samu abin faɗa. Kowane bidiyo a sa masa rubutu a ƙasa saboda kurma. Launin rubutu ya bambanta sosai da na bango, abin da zai amfani har mai lafiyar ido da ke duba waya cikin ranar Arlit. Kar a ce "taɓa ja" ko "taɓa kore" kawai, a haɗa da kalma. Aikin ja ka ajiye yana wahalar da mai larurar hannu ko ta ido, don haka a tanadi tambayar zaɓi a madadinsa.

Manhajojin karanta allo sun fi iya Faransanci, Ingilishi da Larabci a kan Hausa, balle Tamajak. Maganin shi ne malami ya naɗi muryarsa a kowane shafi, wanda kuma zai taimaki wanda bai yi boko ba. A kula da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ: wasu salon rubutu suna mayar da su akwati. Andika da Noto suna nuna su daidai, Gboard kuma yana da madannin Hausa. Haruffan Tifinar sun shiga tsarin Unicode tun 2005.

Yadda darasin zai isa hannun ɗalibi

Layin fibar da ya ratsa Sahara ya bi ta Arlit zuwa Asamaka, Starlink ma ya fara aiki a Nijar a 2025, amma samun rezo daban, kuɗin mega daban. Fayil ɗin da Lumi ta fitar ana iya raba shi ta Bluetooth, Xender ko katin memori. Makarantar da ke da tsohuwar kwamfuta ko ƙaramar na'urar Raspberry Pi da faranti mai hasken rana tana iya girka Kolibri ko MoodleBox, su watsa wifi na cikin gida, ɗalibai su shiga da wayoyinsu ba tare da intanet ba. Wannan hanyar tana ba malami damar ganin makin kowane yaro, abin da fayil ɗin da aka tura hannu da hannu ba ya yi.

Abubuwan kiyayewa

Manhaja ba ta gyara kuskuren malami, kuma kuskuren da ya shiga wayoyi ɗari yana da wuyar janyewa, don haka wani abokin aiki ya duba darasin tukuna. Kar a kwafi littafin wani ko hotonsa sai da izini, ko in yana ƙarƙashin lasisin Creative Commons. Kar a sa fuskar yaro sai iyayensa sun yarda.

Gwajin ƙarshe shi ne a samo waya mafi arha a cikin ajin, a kashe mata rezo, a miƙa wa ɗalibin da ya fi rauni, a yi shiru ana kallo. Duk inda ya tsaya yana neman taimako, nan ne za a gyara kafin a raba wa sauran.