Majalisar Dattawa: Yadda Cocin Firesbiteriyan na Sikotland Ya Kafa Mulkin Kansa

A shekarar 1559, a garin St Andrews da ke bakin teku a gabashin Sikotland, wasu mutane suka buɗe littafi suka fara rubuta abin da suka tattauna a zamansu. Fasto ne da wasu dattawa daga cikin 'yan gari. Abin da ke shafukan farko bai wuce irin maganganun da ake kaiwa gaban manya a kowace unguwa ba: auren da ya ƙi zama, wanda aka zarga da neman matar wani, maƙwabtan da suka yi wa juna ƙazafi, sai kuma tsofaffin limaman Katolika da suka zo suna shaida cewa sun bar tsohuwar hanya. Wannan zama shi mutanen ƙasar ke kira kirk session, wato majalisar dattawan ikilisiya, kuma a kanta aka ɗora dukan ginin cocin Firesbiteriyan. Sunan kansa daga nan ya fito, domin a harshen Girka, wanda aka rubuta Sabon Alkawari da shi, firesbuteros na nufin dattijo.

Daga Jeneba zuwa Edinbara

A Jeneba aka fara gwada tsarin. A 1541 John Calvin ya rubuta wa birnin dokokin coci, ya raba aiki gida huɗu: fastoci masu wa'azi, malamai masu koyarwa, dattawa masu sa ido kan halin jama'a, da dikinoni masu kula da matalauta da marasa lafiya. Kowace Alhamis fastoci da dattawa 12 sukan zauna su saurari ƙararraki. Hujjarsu daga Littafi Mai Tsarki take: manzo Bulus ya naɗa dattawa a ikilisiyoyin da ya kafa, ya kuma umarci Titus ya yi haka a garuruwan tsibirin Karita. John Knox, ɗan Sikotland da ya yi gudun hijira, ya riƙe wata ikilisiyar baƙi masu jin Turanci a Jeneba, ya ga yadda abin ke gudana da idonsa. Da ya koma gida a 1559, da tsarin ya koma.

A watan Agusta na 1560 majalisar dokokin Sikotland ta yanke hulɗa da Paparoma. Aka ɗora wa mutum shida, kowannensu sunansa John, har da Knox, aikin tsara yadda sabon cocin zai gudana. A Disambar shekarar aka yi Babban Taro na farko a Edinbara. Mahalarta kimanin 40 ne, fastoci shida kacal a cikinsu. Wannan lissafi ya nuna halin da ake ciki: ƙasa guda ce ke jiran masu wa'azi, ga su kuma ba su taka kara sun karya ba. In ba a jingina da mutanen gari ba, aikin ba zai tashi ba.

Littafin da Johnonin shida suka rubuta ya ce jama'ar kowace ikilisiya ke da haƙƙin zaɓen fastonsu. Ya ce a riƙa zaɓen dattawa da dikinoni shekara-shekara, don kada daɗewa a kujera ta sa mutum ya ɗauki coci kamar gadon gidansu. Ya ba dattawa ikon sa ido har kan faston da kansa, wa'azinsa da zamansa da iyalinsa. Ya kuma nemi a buɗe makaranta a gefen kowace majami'a. Manyan masu ƙasa suka yaba da baki, amma da aka zo batun dukiyar tsohon coci da suka riga suka raba a tsakaninsu, sai kowa ya ja baya.

Wanda ya ƙarasa ginin shi ne Andrew Melville, malamin jami'a da shi ma ya dawo daga Jeneba a 1574. Littafi na biyu, na 1578, ya mai da dattijantaka naɗi na tsawon rai, ya ce duk fastoci matsayinsu ɗaya, babu bishop a kansu. Aikin da bishop ke yi sai majalisu suka gaje shi, hawa-hawa: ta dattawa a ikilisiya, ta gunduma a samanta, sai sinod mai haɗa gundumomi, sai Babban Taro. A 1581 aka kafa majalisun gunduma 13 na gwaji, a 1592 majalisar dokoki ta amince da tsarin.

Sarki James na shida bai ji daɗin wannan ba, domin bishop mutum ɗaya ne da ake iya naɗawa a kuma sauke, majalisa kuwa ba ta da wuyan da za a ɗaura wa igiya. A 1596, a fadar Falkland, Melville ya kama hannun rigar sarkin ya faɗa masa cewa masarauta biyu ce a Sikotland, kuma a ta Almasihu shi James talaka ne kamar kowa. Ja-in-jar ta ci kusan shekara ɗari. James ya dawo da bishop-bishop, ɗansa Charles ya ƙaƙaba littafin addu'a a 1637 har tarzoma ta ɓarke a majami'ar St Giles, Babban Taron Gilasgo na 1638 ya kori bishop-bishop, Charles na biyu ya sake dawo da su. Sai a 1690 doka ta tabbatar da mulkin dattawa, bai kuma sake gushewa ba.

Dattawa a bakin aiki

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ƙarfin majalisar dattawa ke nan: maƙwabta ne, sun san kowa. An raba wa kowane dattijo unguwarsa. Idan lokacin Jibin Ubangiji ya matso, sai a bi mutane ɗaya bayan ɗaya a ji ko sun san tushen bangaskiya, a kuma bincika ko akwai masu gaba da juna. Wanda ya tsallake sai a ba shi wani ɗan guntun dalma mai hatimin ikilisiya, kamar ƙaramin kwabo. Ranar Jibi dattijo na tsaye yana karɓa. Wanda ya zo hannu rabbana, a baya zai zauna, kowa kuma ya san dalili.

Su ne kuma ma'ajin talakawa. Baikon da aka tara a bakin ƙofa, da tarar masu laifi, da kuɗin hayar baƙin mayafin da ake lulluɓe akwatin gawa da shi, duk akwati ɗaya suke shiga, daga nan ake ciyar da gwauraye da marayu. Haka aka yi ta yi har 1845, lokacin da doka ta miƙa kula da matalauta ga hukumomi na daban.

Sanin kowa ɗin nan yana da ɗacinsa. A gaban mumbari akan ajiye wata kujera ta masu tuba, inda wanda aka sa wa horo zai zauna Lahadi bayan Lahadi, wani lokaci sanye da tsumman buhu, fasto na tsawata masa a gaban jama'a. Mata ne suka fi shan wannan kunya, domin ciki ba ya ɓuya. A 1786 mawaƙin ƙasar da ya fi kowa suna, Robert Burns, ya sha tsawa Lahadi uku a majami'ar Mauchline saboda cikin da Jean Armour ta ɗauka. Sassaucin da ya samu shi ne an bar shi ya tsaya a wurin zamansa maimakon hawa kujerar. A zamanin farautar mayu ma, sau da yawa a gaban waɗannan dattawa ake fara tattara zargi kafin a miƙa wa kotu.

Wa ke zaɓen fasto?

Rikici mafi tsawo a kan wannan tambaya aka yi shi. A 1712 majalisar dokokin Birtaniya ta mayar wa manyan masu ƙasa ikon gabatar da fasto a majami'un yankunansu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, jama'a kuwa sun san faston da mai gona ya kawo ba zai iya faɗa wa mai gona gaskiya ba. A 1733 Ebenezer Erskine da wasu fastoci uku suka ɓalle saboda wannan.

A 1834 aka gabatar da wani Robert Young a garin Auchterarder. 'Yan ikilisiya biyu kacal suka sa hannu a takardar kiransa, magidanta kusan 300 suka ce ba sa so. Majalisar gunduma ta ƙi naɗa shi, shi kuma ya kai ƙara, kotunan gwamnati suka ba shi gaskiya. Ranar 18 ga Mayu, 1843, ana buɗe Babban Taro a Edinbara, sai masu adawa da wannan ƙaƙaba fasto suka miƙe suka fice cikin jerin gwano. Fastoci sama da 450 cikin kimanin 1,200 suka bar albashi da gidajen coci, suka kafa 'Yantaccen Coci a ƙarƙashin Thomas Chalmers. An soke ikon masu ƙasa a 1874, dokar 1921 ta amince cewa gwamnati ba ta da ta cewa a harkokin ruhaniya na cocin, a 1929 kuma akasarin ɓangarorin suka sake haɗewa.

Reshen da ya iso Nijeriya daga zuriyar masu ɓallewar 1733 ya fito. A Afrilun 1846 Hope Waddell ya sauka Kalaba tare da abokan aiki daga Jamaika. A 1858 aka kafa majalisar gunduma a can, a 1872 aka naɗa Esien Esien Ukpabio fasto na farko ɗan ƙasa, a 1960 kuma cocin ya ɗauki sunan Cocin Firesbiteriyan na Nijeriya, da majalisunsa hawa-hawa irin na asali.

Yadda abin yake a yau

Kujerar tuba ta koma gidan tarihi, amma ƙashin bayan tsarin na nan. Fasto ke shugabantar majalisar dattawa, sai dai ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Akwai magatakarda mai riƙe littafi. Tun 1966 mata ke zama dattawa, tun 1968 aka buɗe musu ƙofar fastanci, a 2004 kuma Alison Elliot, wadda dattijuwa ce ba fasto ba, ta shugabanci Babban Taro.

Idan fasto ya tashi, majalisar gunduma kan turo mai riƙon ƙwarya. Ikilisiya ta zaɓi kwamitin nema, kwamitin ya kawo mutum ɗaya ya yi wa'azi a gaban jama'a, sannan a jefa ƙuri'a a asirce. Ko sun amince, sai gunduma ta tabbatar kafin a naɗa shi, kuma ba su da ikon korarsa da kansu. Kowace ikilisiya na tura fastonta da dattijo guda zuwa gunduma, ana kuma daidaita yawan dattawa da na fastoci. Wanda yake ganin an zalunce shi a ƙasa yana iya ɗaukaka ƙara zuwa sama. Na saman ma an ɗaure masa hannu: dokar 1697 ta hana Babban Taro sauya wani abu na koyarwa ko na tsarin mulki sai ya mayar da maganar ga gundumomi, akasarinsu sun yarda. Shugaban taron shekara ɗaya yake yi ya sauka. Wakilin sarki kan halarta kowane watan Mayu, amma a wani dandali na sama yake zama, yana kallo, ba shi da ƙuri'a.

Littafin nan da aka buɗe a St Andrews har yanzu kowace ikilisiya na riƙe da irinsa. A farkon kowane zama ana duba abin da aka rubuta na zaman baya, a gyara, shugaba da magatakarda su sa hannu. Sau ɗaya a shekara kuma sai a miƙa shi ga majalisar gunduma, inda dattawa da fastocin wasu garuruwa za su bi shi shafi-shafi, su ga ko an yi komai bisa ƙa'ida, kafin su sa nasu hannun su mayar.