Abin da Dala ke faɗa wa mai nazarin duwatsu

Aikinmu na nazarin duwatsu ya soma ne da neman ma'adinai. Tsakanin 1904 da 1909 Turawan mulkin mallaka suka tura ayari ya zaga Arewa yana neman kuza da sauran arzikin ƙasa. J. D. Falconer, wanda ya jagorance shi, ya fitar da littafinsa a 1911, kuma shi ya fara riƙe hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya da aka kafa a 1919. Shi ya raba duwatsunmu gida biyu, tsofaffi da ƙannensu. Har yau da wannan rabon muke koyar da ɗalibai.

Birnin Kano a kan tsofaffin yake zaune. Dutsen da mai haƙar rijiya ke cin karo da shi in ya wuce jar ƙasa da ruɓaɓɓen dutse ya daskare ne kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Ƙannen suna Riruwai, ba su kai miliyan 200 ba, su ne masu kuza.

Irin wannan dutse da wuta aka haife shi, ba ya ajiye ƙashi ko ƙwarya. Mai son burbushin halittu sai ya nufi Sakkwato, inda teku ya taɓa kwanciya. Can aka tono ƙasusuwan wata dabbar ruwa da aka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, don tunawa da Goronyo. Farar ƙasar Kalambaina da ake siminti da ita ma ragowar wannan tekun ce.

Saboda rashin burbushin nan wasu abokan aiki ke ganin Kano ba ta da labari. Ban yarda ba. A dubi kan Dala da Goron Dutse: marmara ce ta lulluɓe su. Marmara kuwa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa take samuwa, inda damina da rani suka daɗe suna wanke dutse har ƙarfe ya taru. Ke nan ƙasar Kano ta taɓa kaiwa tsayin kan Dala, ruwa ya zaizaye sauran, ya bar waɗanda hular marmara ta kare. Daga cikinta maƙera suka samu tamar da suke narkarwa tun wajen ƙarni na 7.

Damuwata ita ce gine-gine na haurawa gindin Dala, kududdufai kuma ana cike su, alhali a bangonsu ake ganin yadda ƙasa ta jeru hawa-hawa. Ya kamata a auna su, a rubuta, kafin siminti ya rufe.