Littafi Mai Tsarki a Gidajen Noma na Kudancin Katsina

Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna kudu maso yammacin Jihar Katsina, inda ƙasar ta yi iyaka da Zamfara da kuma yankin Birnin Gwari na Jihar Kaduna, kuma ko da yake mafi yawan mazauna wurin Musulmi ne tun da daɗewa, akwai a tsakaninsu Hausawa Kiristoci waɗanda asalin yawancinsu Maguzawa ne. Maguzawa su ne Hausawan da suka ci gaba da riƙe addinin gargajiya bayan jihadin 1804, suna biyan jizya ga sarakunan Musulmi, suna zaune a manyan gidajen noma da ke warwatse a bayan gari, abin da ya sa har yau sunayen ƙauyukansu da dama suke farawa da kalmar "Gidan". Al'adar karatu da fassarar Littafi Mai Tsarki a tsakanin jikokin waɗannan manoma ba ta kai shekara ɗari ba, amma ta ɗauki kama tata, domin an gina ta da kalmomin da maƙwabta Musulmi suka riga suka sani, an kuma raine ta a bakin mutanen da noma ne rayuwarsu. Kalmar "fassara" a Hausa tana ɗauke da ma'ana biyu, wato juya magana daga wani harshe zuwa wani, da kuma warware abin da magana take nufi, kuma a wannan tarihin ma'anonin biyu ba su rabuwa.

Bayan Turawan Ingila sun ci ƙasar Hausa a 1903, sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addininsu ba, saboda haka gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana 'yan mishan kafa tashoshi a cikin masarautu. Wanda ya samu kafa shi ne Dokta Walter Miller na ƙungiyar CMS, wanda ya zauna a birnin Zariya daga 1905 kafin a mai da mishan ɗin Wusasa a 1929, kuma shi ne ya jagoranci aikin da ya haifar da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Tun kafin nan, a 1913, wasu daga cikin Isawa sun zo wurinsa, wato almajiran Malam Ibrahim na Kano wanda aka kashe a ƙarni na 19 saboda fifikon da ya ba Annabi Isa a karatunsa, kuma zuwan nasu ya nuna cewa muhawara a kan nassoshin da suka shafi Almasihu ta girmi zuwan Bature.

Zaɓen kalmomin da masu fassara suka yi shi ne ya fi kowane abu tasiri a kan yadda Bahaushe Kirista yake fahimtar nassi. Sun kira Mahalicci da sunan Allah da Ubangiji, sun yi amfani da annabi da mala'ika da sujada da Attaura da Zabura, har ya zama duk wanda ya buɗe littafin yana shiga gidan da ya san ƙofofinsa, ko da kayan da ke ciki sun bambanta. Fassarar 1979 ta ƙara matsowa kusa da Hausar yau da kullum, inda "Kristi" ya koma "Almasihu", Yohanna ya koma Yahaya, Yunana ya koma Yunusa, littafin Misalai kuma ya zama Karin Magana, ko da yake dattawa da yawa ba su saki tsohuwar fassarar ba, tun da da ita suka haddace ayoyinsu. Wannan tarayya ta kalmomi alheri ce, domin ta sa Kirista da Musulmi suna iya zama a inuwa ɗaya su yi maganar Ibrahim ko Ayuba ba tare da tafinta ba. Amma ta ɗora wa mai wa'azi nauyi, domin kalma ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana biyu a kunnuwa biyu, kuma babu inda hakan ya fi fitowa kamar a laƙabin "Ɗan Allah", wanda dole mai koyarwa ya tsaya ya bayyana cewa a aƙidar Kirista ba haihuwa ta jiki ake nufi ba. Saboda haka wa'azin Hausa ya taso da ɗabi'ar bin kalma ɗaya ɗaya ana warware ta, ɗabi'ar da duk wanda ya taɓa zama wurin tafsiri zai gane kamanninta.

Hanyoyin da saƙon ya bi zuwa kudancin Katsina suna da yawa. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa ya isa Ƙaura Namoda a 1929, da cinikin auduga wanda ya sa aka kafa gonar gwajin iri a Daudawa ta ƙasar Faskari, sun kawo ma'aikata Kiristoci daga kudu, sai dai majami'unsu na baƙi ne kuma ba su shiga ƙauye sosai ba. A ƙarshen shekarun 1930 aka bar ƙungiyar 'yan mishan ta SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina, ta kuma kafa tasha a Malumfashi, kuma daga aikinta ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. 'Yan Katolika na ɗariƙar Dominikan daga Amurka sun karɓi lardunan Sakkwato da Katsina a 1953, suka kafa cibiyar horar da katikis a Malumfashi, wato malaman da ke koyar da addini a ƙauyen da babu fada. Sai dai sauyin ya fi ƙarfi a shekarun 1960 da na 1970, lokacin da yawon musuluntarwa na Sardauna Ahmadu Bello, da shirin Sabon Rai Don Kowa na ikilisiyoyi, da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 suka taru suka sa zaman Bamaguje a kan tsafin kakanninsa ya yi wuya. Da yawa sun musulunta, wasu kuma suka zama Kirista, wani lokaci a gida ɗaya.

Tun da yawancin sabbin masu bi ba su iya karatu ba, nassi ya shiga ta kunne. Mai bishara, wanda sau da yawa manomi ne da ya yi 'yan shekaru a makarantar Littafi Mai Tsarki irin ta Tofa kusa da Kano, shi ke karanta aya da ƙarfi ya maimaita, mata kuma su mai da ita waƙa a taron Zumuntar Mata. A irin wannan zama misalan Yesu na mai shuka, da na ciyawar da ta tsiro tare da alkama, da na mai arzikin da ya rushe rumbunansa don ya gina manya, ba su buƙatar dogon sharhi ga mutumin da ya san fako da fadama, ya kuma san ɓarnar ƙuduji a gonar dawa. Haka nan labaran fitar da aljanu a cikin Markus sun sauka a kan mutanen da suka tashi cikin bori da yanka wa iskoki, waɗanda ba su taɓa shakkar samuwar iskokin ba, abin da suke son sani kawai shi ne wa ya fi ƙarfi. Inda fassara ta yi tsauri shi ne batun giya da auren mace fiye da ɗaya, domin SIM da ECWA sun hana su, alhali giya ce ke tara gayya da biki a gidan Bamaguje. Nan ne darasin Lahadi ya zama hukunci a kan zaman gida, kuma ba kowa ne ya iya ɗauka ba.

Annabci, wato saƙon da annabi ya isar daga Allah ko abin da ya faɗa zai auku, an karanta shi ta fuska uku. Ta farko ita ce nuna cewa abin da Ishaya da Mika suka faɗa ya cika a kan Almasihu, wadda ita ce gadon dukkan ikilisiyoyi. Ta biyu ita ce ta ƙarshen zamani, wadda 'yan mishan na SIM suka ba muhimmanci ƙwarai saboda imaninsu cewa dawowar Almasihu ta kusa, suna dogaro da Daniyel da sura ta 24 ta Matiyu da Wahayin Yahaya, kuma ta samu karɓuwa cikin sauƙi a ƙasar da maganar Mahadi da Dujal da alamomin tashin ƙiyama ta daɗe a bakin jama'a. Ta uku ta zo daga baya tare da majami'un Fentikos, inda ake yi wa mutum annabci a kan aurensa ko kasuwancinsa, kuma ita ce ta fi buƙatar taka-tsantsan, domin talakan da ke cikin tsoro yana da saurin miƙa abin hannunsa ga duk wanda ya ce ya ga gobe.

Tsoron kuwa ya zo. Ta'addancin 'yan bindiga da ke fitowa daga dajin Rugu da dazuzzukan iyakar Zamfara ya cinye ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ba tare da tambayar addinin kowa ba, kuma duniya ta ji sunan Ƙanƙara a Disambar 2020 da aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya. A Mayun 2021 an kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi, a Janairun 2023 kuma aka shiga wata majami'a a yankin Gidan Haruna na ƙasar Ƙanƙara ana tsakiyar sujada aka tafi da masu ibada. Ga wanda ya sayar da shanun huɗarsa ya biya kuɗin fansa, ko ya bar gonarsa ya koma gudun hijira a Funtuwa, Zabura ta kuka da littafin Ayuba da labarin bautar Babila sun daina zama tarihin wasu mutane masu nisa, umarnin ƙaunar maƙiyi kuma ya zama ayar da ta fi kowace nauyi a bakin mai wa'azi. A cikin wannan hali ne aka kafa dayosis ɗin Katolika na Katsina a Oktoban 2023, aka naɗa Gerald Mamman Musa, haifaffen Malumfashi, bishop ɗinsa na farko, wanda ke wa'azi da Hausar da ya tashi da ita.