Jif Iri Biyu Ce: Tarihin Mota Mai Ja Da Ƙafa Huɗu



A ƙasar Hausa duk motar da ta ɗaga sama ta yi ƙirar akwati, jif muke ce mata. Prado jif ce, RAV4 jif ce, Highlander ma jif ce, kuma yawancinmu mun ɗauka cikinsu ɗaya ne, wato inji yana juya tayoyin nan huɗu gaba ɗaya. Gaskiyar magana, motocin da ke ja da ƙafa huɗu gida biyu ne, kowane gida da dalilin da ya sa aka ƙera shi. Ɗaya an yi shi don yaƙi da gona da daji, ɗayan kuma don kwalta mai santsi a ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba. Wanda bai iya bambance su ba, shi ne ke zuba miliyoyi ya sayi mota, kafin shekara ta zagayo ya koma zaryar gareji.

Kafin mu shiga tarihin, akwai abu ɗaya da ya kamata mu fahimta. Idan mota ta sha kwana, tayoyinta ba nisa ɗaya suke ci ba. Na waje sun fi na ciki tafiya, na gaba kuma sun fi na baya yin zagaye mai faɗi. Duk wanda ya taɓa duba sawun mota a rairayi, a wurin da ta juya, zai ga layi huɗu daban-daban. Tsakanin tayar hagu da ta dama an daɗe da samun mafita, wani curin haƙoran ƙarfe ne a tsakiyar aksul, makanikai na ce masa difaranshiyal, shi ke barin taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta gudu. Abin da ya rage shi ne tsakanin gaba da baya. In ka haɗe su da sandar ƙarfe guda, dole su juya daidai, alhali kwana tana so su bambanta. Yadda aka magance wannan ne ya raba gidajen nan biyu.

Tunanin ya daɗe. A 1900 Ferdinand Porsche, yana matashi a kamfanin Lohner na birnin Biyana, ya ƙera mota mai lantarki da ke da ƙaramin inji a cikin kowace taya. A 1903 kamfanin Spyker na ƙasar Holan ya fito da motar tsere mai shan fetur da ke ja da ƙafa huɗu. Waɗannan duk gwaji ne na masu kuɗi. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya nuna amfanin abin, lokacin da manyan motocin Amurka irin su Jeffery Quad da na kamfanin FWD suka riƙa ratsa taɓon Faransa ɗauke da kayan soja, a wuraren da sauran motoci ke kafewa.

Jif ɗin da muka ari sunanta kuwa a 1940 aka haife ta. Rundunar sojan Amurka ta nemi ƙaramar mota mara nauyi da za ta shiga ko'ina, ta ba kamfanoni kwana 49 su kawo samfur. Wani ƙaramin kamfani mai suna Bantam ne ya cika wa'adin, amma da yake ba shi da ƙarfin ƙera da yawa, sai aikin ya koma hannun Willys da Ford. Kafin a gama yaƙin a 1945 sun ƙera wajen 640,000. Dabarar Jeep mai sauƙi ce. A kan hanya mai kyau tayoyin baya kaɗai ke ja. In an zo taɓo ko rairayi, direba ya ja wani guntun liba kusa da giya, gaba da baya su ƙulle su zama ɗaya. A ƙasa mai laushi wannan ƙullin ba ya cutarwa, domin taya tana samun damar ɗan zamewa ta sauke matsin. Akwai kuma ƙaramar giya ta hawan tudu da jan kaya, wadda direbobinmu ke kira ogzilari.

Bayan yaƙi kowa ya kwaikwayi wannan tsari. A Ingila, Maurice Wilks na kamfanin Rover yana amfani da tsohuwar Jeep a gonarsa, daga nan tunanin Land Rover ya zo masa. An nuna ta a bajekolin motoci na Amstadam ranar 30 ga Afrilu, 1948. Da alminiyam aka yi bodinta saboda ƙarfe ya yi wuya a lokacin, shi ya sa tsofaffin Landiroba ba sa tsatsa a jiki sai a shasi. A Japan, Toyota ta fito da samfurin BJ a 1951, ta sauya mata suna zuwa Land Cruiser a 1954. Nissan Patrol ma a 1951 ta fito. Hilux ta zo a 1968, amma sai a 1979 aka yi mai ja da ƙafa huɗu.

Wannan gida na farko shi ne wanda iyayenmu suka sani. Landiroba ce motar rangadi a ƙarshen zamanin Turawa da farkon mulkin kai, ita ke kai Di'o da 'yan sanda da malaman rigakafi da likitocin dabbobi ƙauyukan da babu ko burji. Talaka dai Fijo ya sani, musamman bayan da aka buɗe masana'antar haɗa ta a Kaduna a 1975, kuma 504 da ƙafar baya kawai take ja. A hamada kuwa babu zancen zaɓi. Gasar Faris zuwa Dakar ta farko, wadda aka fara a ƙarshen Disamba 1978, ta bi ta Agadas da Yamai, kuma Range Rover ce ta zo ta ɗaya a ɓangaren motoci. A 1987 sojojin Chadi, ƙarƙashin kwamanda Hassan Djamous, suka ɗora makaman fasa tanka a kan a-kori-kurar Toyota, suka fatattaki sojojin Libiya masu tankoki a Fada cikin Janairu, sannan a Wadi Dum cikin Maris. Har yau Yaƙin Toyota ake kiran wannan karo. Zuwa yanzu ma Land Cruiser da Hilux ne ke riƙe da hanyar Agadas zuwa Dirku.

Gida na biyu daga wata buƙata daban ya fito. Mutumin Turai ko Japan da ke tuƙi a kwalta mai ƙanƙara ba zai riƙa tsayawa yana jan liba ba, kuma in ya bar ta a ƙulle ya hau busasshiyar kwalta, giyabos zai ci kansa. Sai injiniyoyi suka sa difaranshiyal na uku a tsakiyar mota, domin gaba da baya su riƙa ja a koyaushe, kowanne da gudunsa. Jensen FF ta Ingila ce ta fara kawo wannan a motar hawa a 1966, sai dai tsadarta ta sa guda 320 kacal aka yi. Range Rover ta biyo baya a 1970, ta haɗa abu biyun: tana ja da huɗu kullum, kuma direba na iya ƙulle na tsakiyar in an shiga daji. Prado da manyan Land Cruiser na zamani wannan tafarki suka bi. A 1972 Subaru ta fito da ƙaramar mota Leone mai ja da ƙafa huɗu, bayan wani kamfanin wutar lantarki na arewacin Japan ya nemi motar da ma'aikatansa za su shiga dusar ƙanƙara da ita.

Wadda ta sauya kasuwa gaba ɗaya ita ce Audi Quattro. A 1977 wani injiniyan Audi, Jörg Bensinger, ya lura a wajen gwaji a Finlan cewa wata motar soja mara ƙarfi, Volkswagen Iltis, tana barin manyan motoci a baya a kan ƙanƙara. Aka ɗauki dabarar aka sa wa mota mai gudu, aka nuna ta a Janeba a 1980. Shekara ɗaya bayan nan Michèle Mouton ta ci gasar Sanremo da ita, ta zama mace ta farko da ta ci zagaye a gasar tseren daji ta duniya, Audi kuma ta ɗauki kofin kamfanoni a 1982 da 1984. Daga nan kowane kamfani ya so a ga AWD a bayan motarsa.

Sai aka nemi hanya mai araha. RAV4 ta fito a 1994, Honda CR-V a 1995, Lexus RX a 1998, Highlander a 2000. Duk a kan ƙirar ƙananan motoci aka gina su, ba su da ogzilari. A yawancin na baya-bayan nan tayoyin gaba ne ke ja, sai in sun fara zamewa wani kuloci da ke jiƙe cikin mai ya kama, ya tura ƙarfi baya. Su ne suka cika kasuwanninmu ta Kwatano da Legas, an yi su don kai yara makaranta ranar da ƙanƙara ta zuba a Kanada, mu kuma muna kallon tsayinsu muna tura su inda Hilux kaɗai ke fita.

To, me mai saye zai ɗauka daga wannan tarihi?

Na farko, ka leƙa ƙarƙashin mota kafin ka yi ciniki. Da yawa daga cikin RAV4 da Highlander da CR-V da ake kawowa daga Amurka da gaba kawai suke ja, tun daga kamfani. Wasu kuma an cire musu farfela, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfi baya, ko don a ɓoye wata ƙara ko da sunan rage shan mai. In ba ka ga farfela da difaranshiyal na baya ba, kada ka biya kuɗin AWD. Tunda kana ƙasan, ka duba tsatsa a shasi, domin gishirin da ake zubawa a titunan ƙasashen sanyi yana cin ƙarfe, ka kuma duba ko mai na yoyo. Sannan ka hau, ka murɗe sitiyari har ƙarshe, ka yi zagaye a hankali a kan kwalta, hagu da dama. Mota mai lafiya za ta juya sumul. In tana tirjiya ko gurnani ko ƙwas-ƙwas, akwai magana.

Na biyu, taya. A motar AWD dole tayoyi huɗun su zama lamba ɗaya, kamfani ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya, iskarsu kuma yadda aka rubuta a jikin ƙofar direba. Ga lissafin. Taya mai lamba 225/65 R17 tana juyawa kusan sau 440 a kilomita ɗaya. In ta cinye da milimita 5, za ta ƙara juyi wajen 6 a kowace kilomita. Daga Kano zuwa Kaduna, kusan kilomita 230, bambancin ya kai juyi 1,400. Na'urar tsakiya za ta ɗauka zamewa ake yi, ta yi ta kamawa tana ɗaukar zafi har ta ƙone. Al'adarmu ta sayen taya Beljiyam ɗai-ɗai, wannan daga nan waccan daga can, ita ce ke kashe motocin nan a hankali. Araha ba ta ado. Ka kuma duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Na uku, mai. Bakin mai kowa ya san shi, amma akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya yana da nasa man, difaranshiyal ma haka, kuma sau da yawa tun da motar ta sauka ba wanda ya taɓa buɗe su. A ƙananan jif man bai cika kai lita ɗaya ba, don haka ɗan yoyo kaɗan ya isa ya busar da shi. Kowace mota da irin man da littafinta ya faɗa. CR-V, alal misali, tana da man difaranshiyal na baya nata na musamman, in ya tsufa za ka ji tana gurnani a kwana. Idan ka ratsa ruwa mai zurfi da damina, a kwance a duba. Man da ya koma kamar madara ruwa ya shige shi, a zubar nan take.

Na huɗu, ga masu Hilux da ire-irenta na gidan farko: kada a sa 4H a busasshiyar kwalta. Ka sa a rairayi ko taɓo ko burji, ka cire da zarar ka hau titi. 4L kuwa sai mota ta tsaya cak, giya tana firi. Kada kuma a bar shi wata da watanni ba a taɓa ba. Littattafan Toyota na irin waɗannan motoci suna ba da shawarar a yi tafiyar kilomita 16 da shi a kowane wata don mai ya zagaya. A rairayi mai zurfi, rage iskar taya yakan fi ƙara wuta amfani, sai a mayar da iskar in an fito.

Na biyar, in motar AWD ta mutu a hanya, kada janwe ya ɗaga ƙafa biyu ya ja biyu a ƙasa. A ɗora ta gaba ɗaya a kan babbar mota. Jan kilomita kaɗan a haka na iya jawo gyaran da ya ninka kuɗin ɗaukar sau da yawa.

Abu na ƙarshe, ja da ƙafa huɗu yana taimaka wa mota ta tashi ta kuma riƙe hanya, amma ba ya ƙara mata birki. Kowace mota da tayoyi huɗu take tsayawa. Kuma nauyin ƙarin ƙarafan nan yana ƙara shan mai, ga kuɗin taya huɗu a lokaci ɗaya. Wanda zirga-zirgarsa daga gida zuwa ofis ce a cikin gari, mai ja da gaba ta ishe shi. Wanda ke zuwa gona da damina ko ƙauyen da sai an ƙetare rafi, ya nemi jikar Jeep mai ogzilari. AWD tana tsakani, ta dace da mai doguwar tafiya a kwalta cikin ruwan sama, wanda jefi-jefi yake sauka burji, muddin zai iya ɗaukar nauyin tayoyinta da manta.

Masu irin waɗannan motoci da makanikan da ke cikinmu, muna jiran ƙarin bayaninku. Sai mako mai zuwa.